Gif ko Jif? Tarihin musun da masana kwamfuta su ka kasa kashewa

Mai karatu, idan ka na cikin masu hira a WhatsApp ko Facebook, babu shakka an taɓa turo maka ɗan guntun hoton nan mai motsi wanda ba shi da murya: wani ɗan wasan barkwanci ya zaro ido, ya dafe kai, ya sake zaro ido, ya sake dafe kai, haka dai ba ƙarshe. Daƙiƙa biyu ko uku ne aka yanko daga cikin fim aka bar su su na ta maimaita kan su. Sunan irin wannan hoto haruffa uku ne, G da I da F. To, yaya ka ke faɗin sa? Idan "gif" ka ce, kamar farkon kalmar "gifta", ka na tare da mafi yawan jama'a, har da tsohon shugaban Amurka Barack Obama. Idan kuwa "jif" ka ce, kamar farkon kalmar "jifa", ka na tare da mutumin da ya ƙirƙiro abin, wanda ya shafe shekara 35 ya na yi wa duniya gyara, har ya bar ta bai ci nasara ba.

Sunan mutumin Steve Wilhite. Injiniya ne a wani kamfani mai suna CompuServe da ke birnin Kolombus a Jihar Ohayo ta Amurka. A wancan zamani, kafin intanet ɗin da mu ka sani ya game gari, kamfanin ya na haɗa kwamfutocin mutane ta layin tarho, su karanta labarai, su duba farashin kasuwa, su yi hira da juna. Matsalar ita ce hoto. Kowane kamfani da irin tsarin sa: hoton da aka yi a kwamfutar Apple ba ya buɗewa a ta Commodore, na Commodore ba ya buɗewa a ta IBM. Ga shi layin tarho tafiyar hawainiya ya ke yi, kafin hoto ɗaya ya gama sauka sai ka sha shayi ka wanke kofi. Aikin da aka ba Wilhite da abokan aikin sa shi ne su fito da tsari guda wanda kowace kwamfuta za ta gane, kuma ya matse hoto ya rage masa nauyi. A watan Yuni na 1987 su ka fito da shi, mai ɗaukar launi har 256, su ka raɗa masa suna Graphics Interchange Format, wato tsarin musayar hotuna. A 1989 aka ƙara masa damar jera hotuna ɗaya bayan ɗaya su yi motsi, sannan a 1995 manhajar Netscape ta ba shi damar komawa farko idan ya kai ƙarshe. Asalin ɗan wasan nan naka mai zaro ido ke nan.

Tun ranar suna Wilhite ya ce "jif" ne. Akwai wata markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba da Amurkawa ke shafa wa burodi, sunan ta Jif, tallar ta kuwa cewa ta ke yi iyaye mata masu tsantseni ita su ke zaɓa. Sai ma'aikatan CompuServe su ka ari tallar su na raha da ita, wai masu rubuta manhaja masu tsantseni su ma "jif" su ke zaɓa. A cikin ofishin babu wanda ya yi musu, domin kowa daga bakin mai abin ya ji.

To amma mutum nawa ne ke cikin ofishin? A nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne tarihin kalmomin kwamfuta ya sha bamban da na sauran kalmomi. Kalma a al'ada ta kunne ta ke shiga. Yaro ya na jin "tukunya" a bakin uwar sa shekaru kafin ya ga yadda ake rubuta ta. Su kuwa kalmomin kwamfuta ta ido su ka shigi mutane. Wani ya na zaune shi kaɗai cikin dare a Landan, wani a Tokiyo, wani a Bombai, kowa ya ga haruffa uku a ƙarshen sunan hoto a kan allo, babu wanda zai tambaya, sai ya karanta a zuciyar sa yadda harshen sa ya ba shi. Ya yi shekara biyar ya na faɗin abin sa a ransa, har ya zame masa jiki. Ranar da aka haɗu a taro, wani ya buɗe baki ya faɗi nasa, sai kowa ya ga ɗan'uwan sa ne bai iya ba.

Ingilishi ya ƙara wa wutar fetur. Mu a rubutun boko na Hausa, G ɗaya gare mu: gida, giwa, gishiri. Turawan Ingila biyu gare su a gaban wasalin I. Kalmomin da su ka gada daga kakannin su Jamusawa, irin su "give" da "gift" da "girl", da "gi" ake faɗin su. Waɗanda su ka aro ta hannun Faransanci da Latin, irin su "giant" da "giraffe" da "ginger", da "ji" ake faɗi. Ka ga kowane ɓangare ya na da shaidun da zai kai gaban alƙali.

Babbar hujjar 'yan "gif" ita ce wannan: G ɗin a madadin kalmar "graphics" ta ke, ita kuma da "g" ta fara, don haka dole ta riƙe sautin ta. Da jin ta ka ce magana ta ƙare. Amma 'yan "jif" sai su ɗauko ɗan'uwan GIF, wato JPEG, tsarin da hotunan wayar ka su ke ciki. P ɗin sa a madadin "photographic" ta ke, wadda da sautin "f" ta fara, amma duk Baturen da ka tara "jepeg" zai ce maka. In dai dole harafi ya riƙe sautin kalmar da ya fito daga ciki, ai "jefeg" ya kamata a ce. Abin dariya, Bahaushen da ake yi wa tsiya a kudu wai ba ya bambanta P da F, shi ne kaɗai a duniya ya ke faɗin ta bisa wannan ƙa'ida, don kuwa "jefeg" ɗin ya ke cewa.

Kada ka ɗauka da GIF aka fara. Akwai musun da ya girme shi, wanda ya kamata ya yi wa masu kallon finafinai daɗi. A 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM, Edgar Codd, ya fito da sabuwar dabarar ajiye bayanai a kwamfuta, a jera su layi-layi kamar rajistar makaranta. Wasu matasa biyu a kamfanin, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su ka shiga neman harshen da mutum zai yi wa wannan rumbu tambaya da shi. Sun fara yin wani mai suna SQUARE, ya yi wahalar rubutawa, sai a 1974 su ka fito da na biyu su ka kira shi SEQUEL, ana faɗi "sikwal". Kalmar a Ingilishi ita ce sunan da ake ba fim ko littafin da ya biyo bayan na farko, abin da mu ke cewa kashi na biyu. Boyce bai ga inda aikin ya kai ba, a cikin shekarar ya rasu bai ko cika shekara 30 ba. Daga baya aka gano ashe wani kamfanin ƙera jiragen sama na Ingila, Hawker Siddeley, ya riga ya yi rajistar sunan. Maimakon shari'a, sai IBM ta zare wasullan, aka bar baƙaƙe uku: SQL.

Lauyoyi sun canza rubutu, amma ba su da iko da bakin mutane. Waɗanda su ka san abin tun ya na SEQUEL su ka ci gaba da cewa "sikwal", su ka koya wa yaran su na aiki haka. Waɗanda su ka tsince shi a littafi, musamman bayan hukumar tsara ma'auni ta Amurka ta amince da shi a 1986, su ka riƙa karanta haruffan ɗaya-ɗaya, "es-kiyu-el". Yau shekara 50 da ɗoriya, duk kuɗin da ka tura ta banki da wuya bai bi ta kan wannan harshe ba, amma masu aiki da shi ba su daidaita a kan sunan sa ba. Ma'aikatan Microsoft "sikwal" su ke cewa. Masu manhajar MySQL sun rubuta a littafin jagorar su cewa "es-kiyu-el" ne a hukumance, sai dai sun ƙara da cewa ba su damu ba idan ka faɗi ɗayan. Shi kan sa Chamberlin "sikwal" ya ke faɗi.

Za ka ce to mene ne abin zafi a ciki? Abin zafin shi ne lafazi ya zama katin shaida. Da zarar sabon yaro ya buɗe baki a wurin neman aiki, tsofaffin hannu su na sauraren yadda zai furta waɗannan sunaye, daga nan su yanke hukuncin ko ya zauna da manya ko kuwa a ɗaki ya koya shi kaɗai. Kai ma ka san irin wannan a masana'antar fim: yaro ya iya tace hoto fiye da maigidan sa, amma ya na jin nauyin magana a taro don kada ya faɗi sunan manhaja a yi masa dariya. A gani na wannan zalunci ne ƙarami da ake yi da fara'a. Wanda ya karkata sunan abu alhali ya iya aiki da shi, alama ce ta cewa babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa, da kan sa ya haƙo ilimin, kuma wannan abin a sara masa ne.

Wasu masu ƙirƙira sun hango rigimar, su ka yi ƙoƙarin tare ta tun daga nesa. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya rubuta manhajar da a yau ita ce ƙashin bayan duk wata wayar Android. Shi Freax ya so ya kira ta, sai mai kula da na'urar da aka ɗora ta don jama'a su ɗauka, Ari Lemmke, ya ga sunan bai yi masa ba, ya sa mata Linux. Nan take aka rabu. Amurkawa su na kiran mai suna Linus da "Lainas", don haka su ka ce "Lainaks". Torvalds kuwa ɗan tsirarun mutanen Finlan ne masu magana da harshen Suwidin, a gidan su "Linus" ake ce masa, da "li" kamar ta "liman". A 1992 ya yi bayani a rubuce, bai wadatar ba, domin rubutu ne ya jawo matsalar tun farko. Sai ya yi abin da ya fi hankali: ya naɗi muryar sa ya na gabatar da kan sa ya na faɗin sunan, sau ɗaya da Ingilishi sau ɗaya da harshen Suwidin, aka ajiye tare da manhajar. Duk da haka abin da ya fi yawa a bakin mutane yau shi ne "Linaks", wanda bai zama na Amurkawan farko ba, bai kuma zama daidai da na cikin muryar ba.

Richard Stallman, wanda ya kafa shirin GNU a 1983, ya nace sai an furta G ɗin, "gnu", duk da cewa Turawa su na haɗiye ta idan su na kiran dabbar dajin nan mai kama da ɓauna da ke da wannan suna. Tsoron sa kada a ji kamar an ce "new", a ɗauka sabon abu ake nufi. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya ce harafin ƙarshe na manhajar sa TeX harafin Girkanci ne, a maƙogwaro ake faɗin sa. Wanda ya yi makarantar allo ya san shi, kha'un ce, sai dai Amurkawa da yawa ba su iya ta ba, su ka tsaya a "tek". Mafi ban tausayi su ne masu PNG. A ƙarshen 1994 kamfanin Unisys, mai haƙƙin mallakar dabarar matse hoto da ke cikin GIF, ya ce sai an riƙa biyan sa. Masu rubuta manhaja su ka fusata, su ka haɗu su ka yi wa GIF kishiya ta kyauta. Da ya ke sun ga abin da ya sami uwargida, sai su ka rubuta ƙarara a cikin takardar ƙa'idar amarya cewa "ping" ake faɗi. Je ka shagon masu gyaran hoto ka saurara, "fi-en-ji" za ka ji.

Mu koma kan Wilhite. Haƙƙin Unisys ya ƙare a Amurka a 2003, GIF ya yi kamar zai mutu da zuwan bidiyo, sai shafukan sada zumunta su ka farfaɗo da shi. A 2012 masu ƙamus na Oxford reshen Amurka su ka zaɓe shi kalmar shekara, su ka ce duk lafazin biyu daidai ne. A watan Mayu na 2013 aka gayyaci Wilhite birnin New York don a ba shi lambar yabo ta Webby saboda aikin rayuwar sa. Dokar wannan biki ita ce jawabin wanda aka karrama kada ya wuce kalma biyar. Ka yi tunani, mai karatu: dattijo ya yi ritaya, an manta da shi shekara da shekaru, yau ga duniya ta taru ta ba shi kalma biyar. Bai gode wa iyali ba, bai gode wa kamfani ba. Kalmomin nan biyar da aka haska a babban allo cewa su ka yi "jif" ake faɗi, ba "gif" ba. Ya kuma shaida wa jaridar New York Times cewa masu ƙamus ɗin Oxford sun yi kuskure da su ka karɓi biyun, "jif" ne, magana ta ƙare.

Ina fa ta ƙare! Washegari musun ya tashi sabo fil, ya fi na da zafi. A watan Yuni na 2014, a wata ganawa da David Karp mai kamfanin Tumblr a fadar White House, Obama ya ce shi "gif" ya ke faɗi, ya ƙara da raha cewa ya daɗe ya na nazari kuma wannan ce matsayar sa a hukumance. A 2017 kamfanin Stack Overflow ya tambayi masu rubuta manhaja sama da 50,000 a faɗin duniya: kashi 65 cikin ɗari su ka ce "gif", kashi 26 su ka ce "jif", sauran su ka kama wata hanyar, ciki har da masu karanta haruffan ɗaya-ɗaya. Cin amana mafi ciwo daga wajen masu gyaɗar ya fito. A 2020 su ka haɗa kai da kamfanin Giphy su ka fito da kwalba ta musamman mai ɗauke da saƙon cewa "jif" na shafa wa burodi ne, na hoto "gif" ne, a daina haɗa su. Wilhite ya rasu a watan Maris na 2022 ya na da shekara 74, sakamakon cutar korona. Ni dai ina jin tausayin sa, uba ne ya raɗa wa ɗan sa suna gari ya sauya masa. Amma marubutan mu da daraktocin mu sun san wannan ɗaci: ka sa wa jarumar ka suna mai daɗi, 'yan kallo su laƙaba mata wani daga cikin waƙar fim ɗin, shi ne zai bi ta har gidan miji.

Wannan G ɗin dai ta taɓa shiga fim ma. A cikin Back to the Future na 1985, tsohon masanin kimiyyar nan da Christopher Lloyd ya fito a matsayin sa ya na ihu cewa motar sa na buƙatar wutar lantarki "jigawat" 1.21, shekara shida kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa. 'Yan baya su ka yi ta yi masa dariya wai "gigawat" ne. Alhali tsoho bai yi laifi ba. "Giga" daga kalmar Girkanci ta ke mai nufin ƙato, tushen su ɗaya da "giant", kuma a lokacin akwai masana da ke faɗin ta da "ji". Yawaitar kwamfuta ce ta sa "giga" ta yi rinjaye. Mu nan ba mu zaɓi ɗaya ba, duka mu ka kwashe: yaro zai ce maka wayar sa giga 64 ce, ya juya ya ce wa mai shago a sa masa data "jibi" biyu, kuma mai shagon bai taɓa cewa ya dawo bayan gobe ba.

Abin lura shi ne a ƙasar Hausa ba a yi irin wancan musu ba, saboda mu ta kunne kayan su ka zo mana. Lokacin da finafinan mu su ka tashi daga kaset su ka koma faifai, babu wanda ya tsaya karanta kwali a Ƙofar Wambai ko Bata. An ji dillali ya ce sidi, aka ce sidi, kamar sunan wani malami. V ba ta cikin harshen mu, sai VCD ya zama bisidi, DVD ya zama dibidi. Da wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001 aka ce jiyesem, kwamfuta kuwa wani ya ce komfuta, wani kwamfiyuta, mai karanta labarai a rediyo ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, kowa ya gane kowa.

Inda namu saɓanin ya ke shi ne bakin iyaka. Kunne biyu gare mu, ɗaya Ingilishi ya shiga, ɗaya Faransanci. Faifan da Bakano ya kira sidi, wanda ya yi lakwal a Maraɗi ko Damagaram "sede" zai ce, dibidi kuma "debede". Wi-Fi, sunan da wani kamfanin talla ya ƙirƙira a 1999, a Kano "waifai" ne, a Yamai "wifi". Mafi rikitarwa ita ce G ɗin nan dai. A Ingilishi sunan harafin G "ji" ne, na J kuma "je". A Faransanci sai su ka yi musanya: G ce "je", J ce "ji". Don haka idan furodusa a Kano ya na karanta wa dillalin sa na Maraɗi adireshin imel ta waya, ya ce masa "ji", can J za a rubuta, saƙon ya tafi wani wuri, kowa ya rantse shi daidai ya yi. Yanzu kuma ga sabuwar fasahar nan ta ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Masu Ingilishi su na rubuta ta AI, su ce "eyai". Masu Faransanci sun juya haruffan, IA su ke rubutawa, idan su ka faɗa kuwa sai ka ji kamar yaro na kiran mahaifiyar sa: "Iya".